Ranar da Muka Ga Ƙurar Citta

A shekarun saba'in ina aikin sa wa buhuna alama a wani siton citta a Kafancan, da alƙalamin kara da tawada, yadda aka koya mini tun a allo. Sito ne dogo mai ƙofa ɗaya. Maigidanmu ya sa an toshe kafofin sama da laka, wai iska tana ƙara busar da citta, nauyi ya ragu.

Busasshiyar citta tana da ƙura mai yaji. Kowa yana tari, amma ba kamar wata dattijuwa 'yar Nok ba, shugabar matan da ke tsince tsakuwa. Mama muke ce mata. In tarin ya taso sai ta dafa bango. Ɗanta, malamin firamare, ya aiko cewa da an yi hutu zai mayar da ita ƙauye. Ita kuwa ta ce zaman banza zai riga tarin kashe ta.

Ana haka iskar farkon damina ta yaye kwano biyu a ƙarshen rufin. Da safe muka buɗe ƙofa, sai ga haske tsaye kamar ginshiƙi. Mata suka fara bakace, ni kuwa na daskare da alƙalami a hannu. Ƙura ce take tashi daga faya-fayai, ta taru, ta bi hasken tana hawa a natse kamar an kira ta, ta fice. Abin da muke haɗiya ke nan shekara da shekaru, ido bai taɓa ganinsa ba. Tasbihi kawai nake yi. Har azahar Mama ba ta dafa bango ba.

Maigida ya kawo kafinta a mayar da kwano, Mama ta tare su.

"Alhaji, Ubangiji ya buɗe, kai za ka rufe?"

"In ruwa ya sauko fa, Mama? Da zaninki za ki tare?"

"Sa wa kafar hula mana. Kai ma ba hula ce a kanka ba?"

Aka yi dariya. Shi dai ya daɗe yana kallon sama. Daga baya ya sa kafinta ya ɗora ɗan ƙaramin rufi bisa kafar, da ragar waya a gefe, aka kuma fasa lakar nan.

Da ɗan nata ya zo, a kan buhu ya wuni yana sauraren numfashin uwarsa. Da la'asar ya yi mana godiya, ya nufi tashar mota shi kaɗai.