Gadar Inna Ungozoma

Unguwanni biyu ne, ƙaton kwalbati ya raba su, gadar katako guda ta haɗa su. Asibiti yana wannan tsallaken, gidan Inna ungozoma yana wancan. Rabin masu bin gadar a hannunta suka faɗo duniya.

Tun tana da ƙuruciyarta ta kutsa taron mazan unguwa ba gayyata, ta ce a daina tsare mai naƙuda a ɗaki har jini ya ƙare mata. Babu macen da ta taɓa yin haka. Aka sheƙe da dariya, aka ce ta cika zaƙewa. Ko a jikinta. Ta tara mata a tsakar gidanta tana koya musu alamun haɗari, mijinta kuwa kunya ta hana shi zaman majalisa.

Da rikici ya ɓarke a kan famfo, samari suka fito da adduna, manyan gari kowa ya garƙame ƙofarsa. Inna ta ja kujerarta ta dasa a tsakiyar gada.

"Kai, ɗan mai faci, ajiye wannan abin! Ni na yanke maka cibiya. Kai ma na bayansa, uwarka ta san kana nan?"

Ɗaya bayan ɗaya suka sulale.

Sai da ƙura ta lafa jarumai suka fito daga ɗaka, suka kafa kwamitin zaman lafiya, har da ma'aji. Bayan dogon nazari suka gano maganin faɗa: a rushe gadar. Iyakar basirarsu ke nan. Mai naƙuda kuma ta bi ta babban titi, tafiyar da ko mai lafiya sai ya huta a hanya. Inna ta mayar da kujerarta kan gada. Kullum a nan take wuni, ma'aikata su zo da guduma su koma.

Ran nan shugaban kwamiti ya zo ya durƙusa har ƙasa.

"Inna, ai ke uwarmu ce. Lambar yabo za mu ba ki, ga mota can."

Gaskiya ta ji daɗi, ta daɗe tana jiran wani ya ce ta kyauta. Ta sa zanenta mai kyau ta shiga.

A zauren taro waɗanda suka yi mata dariya a da suka yi ta jawabi, kowa yana cewa shi ya fara goya mata baya. Ta lura jawaban sun ƙi ƙarewa, amma ta ɗauka halin maza ne.

Motar ta sauke ta a bakin kwalbati. Babu gada, an tara katakon gefe guda, kujerarta a kai. Daga tsallake wata maƙwabciyarta ke ɗaga hannu tana ihu.

"Inna! 'Yata ce, jini ya ƙi tsayawa!"

Inna ta dubi faɗin kwalbatin, ta ajiye lambar gilashin a ƙasa, ta fara cire takalminta.