Gefen Ƙotar da Sule Ya Bari

Da kakar bana aminina Sule ya cika shekara bakwai da rasuwa. Na so in yi yadda na saba, in yi masa addu'a in koma kan kekena, domin ni tela ne a Tudun Wada, ba marubuci ba. Amma wani abu ya faru da daminar da ta wuce wanda ya hana bakina yin shiru, kuma ya shafi bindigarsa da ɗansa Habibu.

Sule manomi ne. Gonarsa tana kan hanyar Doguwa, daidai inda gonaki suke ƙarewa dajin Falgore ya fara. Duk wanda ya yi noma a wajen ya san ba kansa kaɗai yake noma wa ba. Da masara ta yi goyo, gadu, wato aladen daji, zai iso da iyalinsa, birai kuma su biyo baya da rana tsaka kamar an aika musu goron gayyata. Wannan ne ya sa Sule ya sayi bindiga, ba sha'awar farauta ba. 'Yar mai baki ɗaya ce, mafi araha a irinta, ya yi mata lasisi ya rataya. Ranar da ya kawo ta shagona na ce masa ƙotarta ta fi kama da taɓarya. Bai yi musu ba.

Shi gajere ne, ƙotar kuwa doguwa, sai ya yanke shawarar rage ta. Ya ɗauki zarto, ba awo ba shawara, ya datse. Harbin farko da ya yi, bindigar ta koma baya ta dake shi a hanci. Ya shigo shagona da hanci a kumbure yana ta muzurai, ni kuwa na yi dariya har na kusa ɗinke yatsana. Na ce masa da ya tambayi tela, da ya ji cewa rage riga ba wuya, ƙara ta ne sai da faci. Facin kuwa ya yi. Ya yanko robar tsohuwar taya ya ɗaura a gindin ƙotar, tsawon ya dawo daidai, robar kuma ta riƙa shanye dukan da kafaɗarsa take sha. Har ya rasu yana rantsuwa wai da gangan ya yi.

Daga nan abin ya shiga ransa. Ya ari tef ɗina na awo, bai kuma dawo da shi ba. Ya je wurin baduku aka yi masa maratayi na fata. Ya ɗiga farin fenti a kan ɗan tsinin saiti don ya riƙa ganinsa da almuru. Aikin da ya fi ɗaukar masa lokaci shi ne wani ɗan kwarmi da ya yi a gefen ƙotar na hagu, inda kuncinsa yake kwanciya idan ya ɗora bindigar a kafaɗar dama. Ya ci wurin da magagari kaɗan-kaɗan, ya goge da samfefa, ya yi ta shafa man kaɗanya har itacen ya yi baƙi yana sheƙi. Abu ɗaya ne bai taɓa sa wa hannu ba, shi ne ƙarfe. Yakan ce mini, "Tela, itace ne nawa. Bututu da kunama na masu sana'arsu ne. Wanda ya goge kunama don ta yi laushi, wata rana ƙafarsa zai harba, ko ta ɗan mutane."

Sannu a hankali manoma suka fara kawo masa nasu, har daga Ƙofa da ƙauyukan Kiru, sunansa ya koma Sule Maiƙota. Ba ya fara duba bindiga sai ya duba mai ita. Zai sa mutum ya cire harsashi, ya rufe ido, ya ɗora ta a kafaɗa, sannan ya buɗe. In ido bai faɗa kan saiti ba, ya san inda zai ci.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Samari suna kallon gyaran bindiga a waya, wani ya naɗe tocila da salatif a jikin tasa, wani ya ɗaura mata madubin hangen nesa da ya fi ta tsada. Na tabbata zai karɓi wayar ya kalla har ƙarshe, don shi ba ya ƙin sabon abu, sannan ya tambayi yaron ko ya taɓa auna hannunsa. Abin da zai ɓata masa rai shi ne yadda yanzu in an ga mutum da bindiga a bakin daji, gaba ne yake fara faɗuwa kafin a yi sallama. A zamaninsa yawancin harbin da ya yi sama ya yi shi, don a gudu a bar masa masararsa.

Da aka raba gado, gonar da bindigar suka faɗa hannun Habibu, babban ɗansa, magidanci mai 'ya'ya. Ya gyara lasisi da sunansa, ya ci gaba da noma. Sai dai bindigar ta ƙi shi. Gadu zai tsaya a gabansa yana tonon kunya, ya harba, ƙasa ta tashi can gefe. Har dabbobin suka raina ƙarar. Mutane suka ce bindigar ta san mai ita, wasu suka ce bakinta a ɗaure yake tun da Sule ya tafi. An yi mata turare, an wanke ta da saiwa, ba abin da ya sake. Damina biyu a jere masarar ta tafi a cikin gadu, a ta uku kuwa Habibu ya zo ya same ni ya ce zai sayar da gonar ya tafi Kano ya nemi tuƙin adaidaita sahu. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin a gonar nan na fi ganin Sule fiye da a maƙabarta.

Na bi shi gida da la'asar. Muka zauna a tsakar gida, mahaifiyarsa tana gefe tana ɓarar gyaɗa. Na sa ya cire harsashi, ya rufe ido, ya ɗora ta yadda babansa yake sa mutane. Ya kai ta kafaɗar dama, ya sa kunci a kwarmin, ya buɗe ido, sai na ga yana murɗa wuya yana leƙen saiti da idon hagu. Habibu bahago ne tun yana goye. Da hagu yake riƙe fartanya, tuwo kaɗai yake ci da dama.

Na ce, "Kai da kake bahago, me ya kai ta kafaɗar dama?"

Ya ce, "Baba Tela, ai nan Baba ya yi wa kunci wuri. In na juya ta sai na fafe ƙotar, ni kuwa ba zan iya goge hannunsa ba. Gara in bar gonar."

Ni ma ba na son a taɓa wurin. Mahaifiyarsa, wadda ba ta kama sunansa saboda ɗan fari ne, ta ce ba tare da ta ɗago kai ba, "Kai wannan, juya ta mana ka gani. Ai gefe ɗaya ubanka ya ci."

Ya juya ta. Gefen dama yana nan sumul, ba a taɓa sa masa magagari ba. Nan ne kuma kuncin bahago yake kwanciya.

Da kansa ya yi aikin, da magagarin babansa, ni nawa awo ne da tsiya. Ya ƙara kaurin robar, don ya fi Sule tsawo. Bai taɓa ƙarfe ba, kuma ba ni na gaya masa ba. Ba zan ce ya zama gwani ba, har yanzu yakan kuskure, amma gadu ya daina tsayawa yana kallonsa. Bana masara ta shiga rumbu, maganar Kano kuma ta mutu.

Sule bai bar gini ba, bai bar suna a wajen waɗanda ba su san shi ba. Abin da ya bari shi ne ɗabi'ar duba mutum kafin a duba kayansa, da sanin inda hannu ya kamata ya tsaya. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Jiya Habibu ya biyo ta shagona da bindigar a rataye, na karɓa na jujjuya ta. Kwarmi biyu ne yanzu a ƙotar. Na hagu baƙi ne yana sheƙi, na dama kuwa fari ne tukuna, man kaɗanya bai gama shigarsa ba.