Sunan Ɗana a Kwandon Tusen

A cocinmu na Diffa ba mu da yawa. Idan Tusen ta zo, idin dukan waliyyai, farkon Nuwamba, kowa yana rubuta sunayen mamatansa a ƴar takarda ya jefa cikin kwando, washegari Fada, limamin cocinmu, ya karanta su a gaban jama'a. Ni tawa takardar fara ce. Na yi aji uku, ina iya haɗa baƙaƙe. Sunan ne babu.

Ɗana na fari kwana biyu ya yi a duniya. Na haife shi shekarar da ruwan kogin Komadugu ya shigo unguwarmu, muna fake a ɗakin maƙwabciyarmu, wata tsohuwa Babarbariya mai sayar da tattasai. Ita ta yanke cibi. A wurinmu yaro yana ɗaukar sunan waliyyin ranar da aka haife shi, a duba kalanda, a faɗa ranar baftisma. Shi bai kai ba. Babansa ya binne shi, muka rufe baki shekara biyu, har na sami ƴa mace.

Ranar Tusen ta bana, bayan sujada, na tsaya wajen matar malamin coci tana tattara kyandir.

"Mama, wanda ba shi da suna fa, ana karanta shi?"

Ta dubi goyona, ta dube ni.

"Ba ki zuba masa ruwa ba? Ko ke uwa kina iya yi masa baftisma, in abin ya zo da gaggawa."

Ban sani ba. Ba wanda ya taɓa gaya mini. Ruwa har gwiwa a tsakar gida, ni kuwa ko cokali ɗaya ban ɗiga masa a goshi ba. Ta ga yadda na yi, ta kama hannuna.

"Ƴata, bar kuka, Allah ba ma'aikacin ofishin magajin gari ba ne da zai nemi takarda. Wace rana aka haife shi?"

Ita ma ban riƙe ba. Na tafi wajen maƙwabciyata, na same ta tana shanya tattasai.

"Iya, kin tuna ranar?"

"Ni? Ya zan manta? Talata ce, kin hana ni kasuwa, ke da ɗan naki mai gaggawa. Talata ta biyu bayan ruwa ya fasa ya shigo gari."

Sai ta ja bakin gyale ta goge ido, wai yajin tattasai ne.

Malamin coci yana ajiye tsofaffin kalandu cikin akwati. Ya bi ranakun Talata da yatsa, ya tsaya, ya faɗi suna. Suna ne mai nauyi a baki, sai da na maimaita sau uku. Da hannuna na rubuta, yana gyara mini, na jefa cikin kwando.

Washegari na zauna gaba don in ji da kyau. Fada ya fara da Faransanci, da sauri, takardu da yawa. Ƴata kuwa tun safe jikinta da ɗumi, ina ta taɓa wuyanta. Ta fasa kuka, irin mai tsinkewa. Na jijjiga, na ba ta nono, ta ƙi. Mata suka fara juyowa. Na ji zafin kanta a ƙirjina, tsoro ya kama ni, na fita da ita gindin itacen bedi, na jiƙa zane ina shafa mata. Daga can muryar Fada kawai nake ji, ban rarrabe ko suna ɗaya ba.

Da aka tashi na tari babanta a ƙofa.

"An karanta?"

"An karanta."

"Ka ji da kunnenka? Faɗa mini sunan."

Ya karɓi yarinyar daga hannuna, ya ce mu wuce likita tukuna, muka kama hanya.