Jan Lallen da Hilda Ta Gani

Shekara tara muna haya a gida ɗaya da Hilda a Bolari, ƙofarta tana kallon tawa. Ni sana'ata ƙunshi, da ita na baro Borno, da ita nake ciyar da 'ya'yana. Ita kuwa malamar motsa jiki ce a wata makarantar kuɗi, amma abin da aka san ta da shi a garin nan usur ne. Rafali ce ta ƙwallon kwando. Na ɗauki biro ne don na gaji da jin ana cewa ta yi kuskure, daga bakin mutanen da ko inda rafali yake tsayawa ba su sani ba.

'Yar Billiri ce. Ta buga wasan tun tana sakandare har gwiwarta ta goce, daga nan ta koma busa. Duk ranar Juma'a za ta wanke rigarta mai ruwan toka, ta goge, ta rataye usur a ƙusar bayan ƙofa inda ko 'yarta Jane ba ta isa ta taɓa ba. Ranar Asabar ta hau keke-napep ta tafi fili, ta dawo da yamma murya a dushe.

A tsakar gidanmu ta koya mini dokar da ta jawo mata wannan abin, ina kwaɓa lalle tana buga ƙwallo. Ta ce mai tafiya da ƙwallo yana buga ta a ƙasa, hannunsa a samanta zai kasance, ko a gefe. In tafin hannu ya shiga ƙarƙashi, ƙwallo ta zauna a ciki ko da na ƙiftawar ido ne, ya kuma juya ta ya ci gaba da bugawa, to ya ɗauke ta kenan. Shi 'yan wasa suke kira keri. Wahalar, in ji ta, ita ce gefe da ƙarƙashi tazararsu ba ta fi faɗin yatsa biyu ba, ga gudu, ga jikin mai tsaro yana tare maka gani. Shi ya sa ba ta kallon fuska, ba ta sauraron 'yan kallo, tafin hannu kawai take bi. Abin da idonta bai gani ba kuma ba ta busa shi, ko fili duka zai rantse.

Buri ɗaya na san tana da shi: a tura ta kwas ɗin da zai ba ta damar busa manyan wasanni a wajen jiha. Sau uku ana sa sunanta, sau uku ana cirewa a sa na namiji. Ta gaya mini bana ne na ƙarshe, don shekarunta suna gab da wuce waɗanda ake ɗauka. Bana kuwa sunanta ya fito. Har sabuwar riga ta saya ta ajiye a leda.

Wanda yake sa hannu a takardar sunayen shi ne shugaban kwamitin gasar 'yan mata, Alhaji Zaharadeen, mai wata makaranta a Hammadu Kafi. Makarantarsa ce ta kai wasan ƙarshe, da wasu yara daga Kwadon. 'Yarsa Fatimatu, mai shekara sha shida, ita ce gwanarsu. Yarinya ce mai ladabi, ba ni da abin faɗa a kanta. Ranar Alhamis, saura kwana biyu wasan, uwarta Hajiya Rauda ta kawo mini ita ƙunshin bikin 'yar uwarsu. Da hannuna na yi mata: baƙin zane a bayan hannu, jan lalle a tafi, cikakke har wuyan hannu. Ya kama sosai kuwa.

Ina cikin 'yan kallo ranar Asabar da la'asar. Saura 'yan daƙiƙu a tashi, yaran Kwadon suna gaba da maki ɗaya. Fatimatu ta taho da ƙwallo, ta yi kamar za ta tsaya, mai tsaronta ta miƙe, ita kuma ta wuce ta jefa a kwando. Amma kafin ƙwallo ta bar hannunta usur ya riga ya yi ƙara. Hilda tana tsaye a gefenta, ba abin da ya tare ta, tana juya tafin hannunta sama da ƙasa. Keri. Aka soke cin, Kwadon suka ɗauki kofi.

Abin da ya biyo baya abin kunya ne. Manyan mutane masu furfura suna jifan mace da ledar fiya wata. Wani malamin makaranta, mai koyar da 'ya'yan mutane, ya ce ta koma kicin. Kafin magariba bidiyo ya zagaye wayoyi, wanda aka ɗauka daga bayan yarinyar, hannun mai ɗaukar yana rawa, ba abin da ake gani sai ɗankwali da ƙura. Duk da haka kowa ya zama gwani. Mai kayan miyan layinmu ma, da bai taɓa taka filin ba, ya tare ni yana yi mini bayanin doka.

Ka'ida ce rafali ya rubuta rahoto in an yi ƙorafi. Hilda ta rubuta gaskiyarta: ta ga jan lallen tafin hannun yarinyar yana kallon sama, ƙwallo ta sauka ta zauna a kai, sannan aka juya ta. Da hannun yana sama ko a gefe, baƙin zanen bayan hannu za ta gani.

Ranar Litinin da hantsi sai ga Hajiya Rauda a ɗakina, turare kamar an fasa kwalba. Bayan doguwar gaisuwa ta tambaye ni abin da yake cire jan lalle. Na ce mata babu, sai dai ya koɗe da kansa, sati uku ko fiye. Sai ta ce ai a tunaninta baƙi kawai na yi wa Fatimatu. Na ce Hajiya, ke kika zaɓi jan, kina zaune a kan tabarmar nan. Ta tashi ba sallama.

Kwamiti ya zauna ranar Laraba a wani aji. Na bi Hilda don in ba da shaida, aka ce mai ƙunshi ba ta da wurin zama a maganar wasanni. Sai na tsaya a baranda jikin taga, kuma duk na ji, na gani. Maza shida a kan benci, Hilda a tsaye. Alhaji ya karanta rahoton a hankali, ya ce duk hujjarta jan lalle ce, 'yarsa kuwa ba ta da jan lalle. Aka shigo da Fatimatu, kanta a ƙasa, hannuwa cikin hijabi. Ya ce ta nuna.

Shekara ashirin da biyar ina riƙe hannuwan mata, ban taɓa ganin irin wannan ba. Tafin ya yi fari fat, ya kumbura, fata ta saɓule wuri-wuri. Warin ruwan bilicin wanki har taga. Kuma duk da wannan azaba, jan yana nan kwance a cikin layukan tafin da gefen farata. Kowa ya gani. Mutum shida, wani ya duba waya, wani ya kalli fanka, wani ya ce lallai babu lalle.

Alhaji ya sassauta murya, ya ce shi ba mai son tozarta mace ba ne. Ya ce ta rubuta layi biyu kawai, cewa rana ce ta haske mata ido, a sake wasan, sunanta kuma ya tafi kwas yadda aka tsara. Har takarda da biro ya tura mata.

Hilda ba ta kalli takardar ba. Ta kama wuyan hannun yarinyar a hankali ta duba.

"Da me aka wanke miki, 'yata?"

Hawaye suka zubo wa Fatimatu. Hilda ta mayar mata da hannun cikin hijabi, ta juya.

"Alhaji, a kai yarinyar nan asibiti yau. Rahotona kuma yana nan yadda na rubuta shi."

Ranar Juma'a sabuwar takarda ta fito. A gurbinta aka sa wani Mu'azzam, wanda kowa ya san sai ya saurari inda ihu ya fi yawa kafin ya kai usur baki. Ba a sake wasan ba ma, don yaran Kwadon sun ƙi mayar da kofi. An ƙona hannun yarinya, an hana mace abin da ta jira shekaru, duk a banza. Bayan wata ɗaya na ga Alhajin a wani taro yana jawabi a kan tarbiyyar 'ya'ya mata, ana tafa masa. Na tashi na fita.

Na tambayi Hilda, ranar da take shanya tsohuwar rigarta, ko tana da-na-sani. Na ɗauka za ta ce a'a.

"Ina yi, Ya Hamida. Ba na busar ba. Da hannu a ƙarƙashin ƙwallo kawai na rubuta, ban ambaci lalle ba, da ba su taɓa yarinyar nan ba."

Ga wadda aka zalunta tana neman laifinta, su kuwa ko a jikinsu. Har yau tana fita duk Asabar busa wasannin yara, a fili ɗaya da waɗanda suka jefe ta. Sabuwar rigar tana nan a ledarta a saman durowa. Na ce ta sa abarta mana, ta ce tsohuwar ba ta yage ba tukuna.