Farin Allon da Ya Tona Asirin Noelene

Noelene Pavlich ta shiga kamfanin kayan gyaran tarakta na garin Mildura tana budurwa. A nan ta yi aure, a nan ta binne miji, kujerarta ba ta canza ba. Aikinta karɓar odar manoman inabi ta waya. A gabanta akwai tsohuwar kwamfuta mai baƙin allo da koren rubutu, ba hoto, ba linzamin nuna abu a allo, sai maɓallai. Yatsunta sun haddace su tun tuni. Takan buga oda gaba ɗaya tana hira da manomi kan ruwan kogi, kwamfutar ta riƙe abin da aka buga ta bi shi a hankali.

Abin da ba wanda ya sani shi ne idonta na mutuwa. Tsakiyar ganinta ta dushe, sai gefe-gefe, kuma likita ya ce ba magani. Ta ɓoye, don ta san halin kamfani, ta kuma san in aka zaunar da ita gida kaɗaici zai kashe ta. Koren rubutu a kan baƙi tana tsinkayarsa ta gefen ido, sauran aikin hannu ke yi.

Sai masu kamfanin a Melbourne suka ce tsarin ya tsufa, za a mayar da shi shafin intanet don manomi ya yi oda daga wayarsa. Wannan ba laifi ba ne. Abin haushin, masu aikin haɗa shafin sun zo sun zauna da manaja Darryn, sun sha shayi, sun ɗauki hoton tsohon allon, amma ba ɗayansu da ya tsaya ya kalli hannun matar da ke aiki da shi.

Sabon shafin fari ne fat, rubutun ƙanana ruwan toka, komai sai an nuna da kibiyar linzami. In kuma aka buga kafin ya gama buɗewa, sai ya zubar da rabi. Noelene ta buga yadda ta saba. Wani manomi ya karɓi bel ɗin da ba na injinsa ba ana tsakiyar girbi, ya kira ya wanke Darryn tas.

Darryn ya zo ya tsaya a kanta. Ta roƙe shi a mayar mata da tsohon allon, ya ce ai an kwashe.

"Haba Noelene, kibiya ce fa kawai. Ɗana na firamare ma ya iya. Ɗora ta kan wancan akwatin mu gani."

Ta riƙe linzamin tana jujjuya shi.

"Ba na ganinta, Darryn. Kai ma da kake tsaye, kunnuwanka kawai nake gani."

Bai tambaye ta tun yaushe ba. Ya ce dole ya sanar da Melbourne, su kuwa suka aiko da kalamai masu daɗi da ranar ritaya.

A walimar sallamarta, wata daga cikin masu aikin shafin, Tamsin, ta ji labarin. Ta ajiye farantinta, ta matsa ga kwamfutar ta taɓa wuri biyu. Allon ya koma baƙi, rubutun ya yi manya. Ta ce cikin sanyin murya ai da an faɗa musu da tuni sun gyara.

Noelene ta karkata kai ta karanta layin farko daidai. Sannan ta tashi, don wadda aka ɗauka a madadinta na tsaye tana jiran kujerar.