Ranar da Guguwa Ta Fita Daga Taro

Kakarta ce ta raɗa mata Guguwa, don tun tana rarrafe ba ta san zama ba. Sunan ya bi ta har jami'a, inda ta zama masaniyar sinadarai. Sai ga shi ta faɗa aikin da ba ya son gaggawa.

Tantanin da ke lulluɓe ƙwayar halitta take bincike a kai, wani siririn mayafi na kitse, da furotin ɗin da ke maƙale a jikinsa, mai buɗe wa magani hanya ko ya tare shi. Ido ba ya ganinsu. Sai dai ta ɗiga ruwan gwaji a 'yar kwalba, ta sa a na'ura, haske ya ratsa, na'urar ta zana layi mai tudu da kwari gwargwadon hasken da ruwan ya shanye. Daga tudun nan take gane ko furotin ya naɗe ko ya warware. Kafin layin ya fito kuwa ta zaga ɗakin gwajin, ta sake wanke kwalaben da ta riga ta wanke, ta leƙa taga, ta dawo.

Da shekaru suka ja, aka ba ta shugabancin sashe, da ofis mai labule a saman bene. Mijinta ya yi murna.

"To, yanzu kya huta," in ji shi.

"Hutun me? Daga taro sai sa hannu."

Ta rame. Abinci ma a tsaye take ci. Ran nan ana tsakiyar muhawara kan fentin bango, sai ya faɗo mata a rai cewa kullum a sanyaye take gwada furotin ɗin, don tsoron kada ya lalace, alhali jikin mutum da ɗumi yake. Ta miƙe, ta ce a yi mata uzuri, ta sauka ko jakarta ba ta ɗauka ba.

Ta ɗumama ruwan, ta sa. Tudun da ya yi shekara da shekaru a wuri ɗaya ya gusa. Ta sake, ya sake gusawa. 

Washegari ta mayar da makullin ofis.

"Haba Malama, ki sake tunani mana," in ji shugaban jami'ar.

"Ranka ya daɗe, na gode ƙwarai, amma na bar na'ura a kunne."

Da labari ya isa gida, mijin ya daɗe yana girgiza kai, sannan ya dubi 'yarsu.

"Rufe wa mamarki nata abincin. Mu dai mu ci."