Ƙarfe Ba Ya Kwana a Jiƙaƙƙiyar Ƙasa

Ni ba injiniya ba ne, kada wani ya ɗora mini abin da ban karanta ba. Aji biyu na yi a sakandare na gudo, na zauna a shagon wani mai gyaran rediyo a bakin babban titi, nan Potiskum, inda tireloli ke wucewa suna girgiza mana kwanon rufi. Daga rediyo na koma talabijin, daga talabijin na koma waya da fitilun sola. Yau furfura ta cinye mini gemu, amma sunana a unguwa bai canja ba, mai rediyo. Masu digiri in kayansu ya lalace ni suke kawo wa, in ya gyaru su ce ai dama ƙaramin abu ne.

Shekarun baya wani direban tirela, abokin hirata, ya zo mini da tsaraba daga Legas. Wani ɗan allo ne kore, bai kai tafin hannu ba, da wasu tarkace a leda. Ya ce mai shagon ya gaya masa ana koya wa abin nan aiki. Ka haɗa shi da kwamfuta, ka rubuta masa umarni, ya haddace, ya yi ta yi ba gajiya. Ina da wata tsohuwar laftof da mai ita ya yar mini. Da rana tsaka, in kasuwa ta mutu, sai in kunna bidiyon Indiyawa a waya, Turancinsu gurgu nawa makaho, ina tsayarwa ina kwafa layi layi. Wata biyu na yi kafin in sa ƙwan fitila guda ɗaya ya kunna kansa ya kashe. Ranar da ya yi, na fita ƙofar shago ina neman wanda zan nuna wa, ban samu kowa ba sai mai shayi, shi ma ya ce, “To, sai me?”

Wanda nake so in nuna wa ba mai shayi ba ne. Baba ne.

Ni ne ɗan fari. Wanda ya tashi a gida irin namu ya san abin da hakan ke nufi. Baba bai taɓa kiran sunana ba, “kai” ne, ko “babban nan” in yana magana da Inna. Bai taɓa yabona ba, kunya ce wai. Ƙanena da ke aikin gwamnati a Damaturu shi ana kiran sunansa har da kirari. Da ya saya wa Baba famfon sola don lambunsa na fadamar hanyar Fika, sai da duk masallacinmu ya ji albarkar da aka sa masa. Ni na hau na kafa farantan, ni na ja wayoyin, aka ce mini “sannu.”

Lambun albasa ne. Baba ya haura saba'in, gwiwa ta fara ƙi, amma kullum kafin rana ta fito yana can, sai dab da magariba ya dawo. Yawancin wahalarsa tsaron famfo ce, ya kunna, ya bi ruwa fangali bayan fangali, ya danna diddige a ƙasa ya ji ko ta sha, ya koma ya kashe. Na ce a raina, wannan aikin allona zai yi shi. In ya yi, ko Baba bai faɗa da baki ba, zan gani a fuskarsa.

A cikin tarkacen Legas akwai wani ƙarfe mai yatsu biyu, kamar cokali mai yatsu. In ka soka shi a ƙasa yana gaya wa allon lamba, in ƙasa ta bushe lambar ta hau, in ta jiƙa ta sauka. Na rubuta umarnin: in lamba ta hau, kunna famfo, in ta sauka, kashe. Na sa masa layin waya ya riƙa turo mini saƙo da Hausa. “Ƙasa ta bushe, famfo ya tashi.” “Ƙasa ta sha, famfo ya tsaya.” Wata huɗu ina wannan. Na gwada a bokiti, na gwada a gindin zogalen gidana, ya yi.

Ranar da na kai lambu, maƙwabcin Baba ya tsallako ya zo kallo, wani dattijo Bakarkare da muke kira Kawu tun muna yara. Na sa allon a akwati, na ɗaure akwatin a jikin bukkar Baba, na ja doguwar waya zuwa fangalin ƙarshe, na soka ƙarfen.

Baba ya ce, “Wannan ne zai san ƙasa ta sha?”

“Shi ne, Baba.”

“Da wane idon?”

Kawu ya kwashe da dariya. “Mai rediyo, in ya iya ban ruwa, ka koya masa cire ciyawa mu ma mu huta. Ko kuwa shi ma ɗan boko ne, ba ya sunkuyawa?”

Ba a jima ba famfo ya tashi da kansa. Ruwa ya bi magudana, ya cika fangula, da ya iso na ƙarshe sai famfo ya yi shiru. Baba ya danna diddigensa a ƙasa, ya daɗe yana kallon sawun. Sai ya durƙusa da ƙyar ya shafa kan ƙarfen da babban yatsa.

“Irinsa nawa gare ka?”

“Shi ke nan guda ɗaya. Daga Legas ya zo.”

Ya ce, “To.” Iyakar abin da na samu ke nan. Ni kuma ban ce masa kada a cire ƙarfen daga ƙasa ba. Wallahi ko faɗo mini a rai bai yi ba.

Abu ya yi ta tafiya daidai, sai dai wata tsiya guda. Kullum dab da magariba saƙo zai shigo, “Ƙasa ta bushe,” alhali an yi ban ruwa da rana, kuma rana ta faɗi, famfon ba shi da wutar tashi ma. Na ɗauka kuskure ne a rubutuna. Na bi layi layi, na canja batir, na sake liƙa wayoyi da dalma, saƙon bai fasa ba. Lambun bai fi tafiyar minti ashirin a babur ba, amma ban je da yamma na duba ba ko sau ɗaya. Na zauna a shago ina faɗa da laftof. Da na gaji sai na ƙara layi ɗaya: bayan la'asar kada ka sake turo saƙo. Na toshe masa baki na ce na gyara.

Albasa ta yi kai, saura kaɗan a cire, sai aka yi mana rasuwa a Damagum, mijin ƙanwar Baba. Baba ya ce zai je ya yi gaisuwa ya juyo a ranar saboda lambu. Ni na hana shi. Na ce, “Baba, ka zauna har sadakar uku. Lambu yana da mai tsaro yanzu.” Ni na je a ranar farko aka yi jana'iza na dawo shago, shi ya zauna.

Washegari da hantsi saƙo ya shigo, “Ƙasa ta bushe, famfo ya tashi.” Na miƙa wa mutanen teburin mai shayi wayar suna karɓa hannu hannu. Na ce, “Tsoho yana Damagum, ni ina nan, lambu yana shan ruwa.” Saƙon tsayawa bai zo ba, na ce ƙila sai bayan la'asar ya tsaya, lokacin da na hana shi magana. Rana ta biyu haka. Na ce zafin bazara ne, ƙasa na shanyewa. Rana ta uku da azahar Keke Napep ya tsaya a ƙofar shagona, Kawu ya sauko da taɓo har gwiwa.

“Mai rediyo, tashi. Akwatin nan naka ya mai da lambun ubanka tafki.”

“Tun yaushe?”

“Tun shekaranjiya nake ganin ruwa. Na ce ƙila haka tsarin yake, wa ya isa ya taɓa kayan Legas? Yau da ya shigo mini gona na fizge wayar famfon.”

Tun daga nesa na ji warin. Fangula sun haɗe sun zama ɗaya, ganyen albasa ya kwanta ya yi rawaya. Na tura hannu na ciro guda, ta narke mini a yatsu. Na bi ruwan har fangalin ƙarshe, babu ƙarfe. Na bi wayar, sai ga ta an naɗe ta tsaf kamar igiyar guga, ta shiga cikin bukka. Can na same shi, rataye kusa da fartanya da lauje, a naɗe cikin wata tsohuwar hular Baba. Ƙarfe a iska, lamba a sama, allon yana jin ƙasa ta bushe ƙamas, kwana uku yana ba ta ruwa.

Nan take na gane saƙon magariba. Kullum Baba ke cire shi in zai tashi, ya mayar da sassafe kafin rana ta ba famfo wuta. Abin da zuciyata ta gaya mini shi ne, bai yarda da aikina ba. Famfon ƙanena ya karɓa hannu biyu, nawa kuwa yana tumɓuke shi kullum kamar ciyawa.

Ina tsaye da hular a hannu sai ga Baba, daga tasha ya wuto kai tsaye, da babbar rigar zaman makoki a jikinsa. Ya tsaya a bakin ruwan. Leɓensa na motsi.

Na ce, “Wa ya ce ka cire?”

Kawu ya ce, “Kai, ɗana, a hankali.”

Ban saurara ba. Na ce, “Wata huɗu ina wahala a kan abin nan. In ba ka so ka ce ba ka so. Abin da mutum bai sani ba ya bar wa waɗanda suka sani. Ka tsufa, Baba, ka zauna a gida mana!”

A gaban maƙwabcinsa na faɗa. Da ƙarfi na faɗa, har masu lambun gaba suka miƙe suna leƙe.

Baba ya dube ni, ya dubi hular. Ya ce, “Ƙarfe ba ya kwana a jiƙaƙƙiyar ƙasa.” Sai ya tattare rigarsa, ya shiga bukka ya ɗauko fartanyarsa ya saɓa a kafaɗa. “Ga lambu nan.” Na ce ya hau babur in kai shi, bai juyo ba. A ƙafa ya taka har bakin titi.

Na ji maganar da ya yi, amma ban saurare ta ba. Washegari na zauna na rubuta abin da ya kamata in rubuta tun farko: in lamba ta wuce abin da kowace ƙasa ke bayarwa, to ƙarfen a iska yake, kashe famfo, turo saƙo, “An cire ƙarfe.” In famfo ya daɗe yana aiki fiye da ƙima, kashe shi ko me lamba ta ce. Layi huɗu. Ban gama shan shayina ba na gama su. Albasar shekara guda ta tsohon nan, layi huɗu ne tsakaninta da kasuwa, kuma ni ne ban rubuta ba.

Na sake shuka, na bar ƙarfen a ƙasa dare da rana yadda nake so. Bai yi wata biyu ba tsatsa ta cinye shi, yatsa ɗaya ya karye mini a hannu. Ranar na je gida na durƙusa a gaban Baba, yana zaune a gindin dogon yaron ƙofar gida, inda ya koma wuni tun ranar nan. Na ce ya yafe mini.

“Ba ka yi mini komai ba.”

“Baba, na gyara shi. Na sa a kawo wani. Yanzu ko ka cire ba abin da zai faru, ruwa zai tsaya da kansa. Ka zo ka gani.”

“Madalla. Ai ku ne masu sanin abin.”

Na roƙe shi ya fi sau goma. Kawu ya zo ya roƙe shi, ya yi masa tsiya, ya ce zaman gida na mata masu jego ne. Baba ya yi murmushi ya ce gwiwa ce. Bai sake taka lambun ba. Na cire layin da ya hana saƙon yamma, kullum dab da magariba ina duba waya ko zan ga “An cire ƙarfe.” Bai taɓa zuwa ba.

Bayan damina zazzaɓi ya kama shi, kwana biyar ya cika. Ba na cewa ni na kashe shi, kwana ne ya ƙare, Allah ya jiƙansa. Amma na san mutumin da ke fita kafin rana, na kuma san wanda na bari a gindin bishiya.

Bayan an share makoki Inna tana fitar da kayansa, ta miƙo mini wata ’yar kwalba da ragowar man gyaɗa a ciki. Na ce na mene ne.

Ta ce, “Na ƙarfen nan naka. Duk sati yake sa in cika masa. In ya cire da yamma sai ya wanke, ya goge, ya shafa masa. Na ce masa, Malam, ko fartanyarka ba ka yi mata wannan gatan. Ya ce fartanya akwai ta a maƙera. Wannan babban nan ne ya haɗa, guda ɗaya ne, daga Legas, in ya lalace ina zai samu wani.”

Na sa kwalbar a aljihu na fita.

Yanzu na haɗa wa mutane irin akwatin nan da dama, daga nan har Fika, wasu ma injiniya suke ce mini, ba ya yi mini daɗi. Duk wanda na kafa wa sai na zaunar da tsohon gidan na tambaye shi yadda yake yi da kayan aikinsa in zai tashi, kafin in rubuta ko layi ɗaya. Lambun Baba yana hannuna. Na samu ƙarfen zamani mai rufi wanda tsatsa ba ta ci, ba ya bukatar a cire shi. Duk da haka in na rufe shago da wuri nakan je kafin magariba, in zare shi, in wanke, in goge, in naɗe a hular nan in rataye kusa da lauje. Kafin in miƙe wayar takan yi ƙara a aljihuna. Na san abin da ke ciki, ni na rubuta shi, amma sai na ciro na karanta.